Sharhi Kan SeaBIOS a Cikin QEMU: Ingancin Ma'aunin Lokacinta da Nauyin Saitin da Take Karɓa Yayin Tashi

Duk wanda ya taɓa kunna kwamfutar kwaikwayo a kan QEMU ko Proxmox VE, manhajojin da ke gudanar da kwamfuta a cikin wata kwamfutar, bai taɓa saitin da ya tarar ba, to ya yi aiki da SeaBIOS, ko da kuwa bai lura da sunanta da ke giftawa a saman allo ba. Ita ce manhajar tushe da ke fara motsi kafin Linux ko Windows su farka, tana shirya ma'adanar wucin gadi, tana gano faifai da katin sadarwa, sannan ta miƙa ragama ga babbar manhaja. Kevin O'Connor ne ya fara aikinta a 2008 daga tsohuwar BIOS ta Bochs, ya mayar da mafi yawanta zuwa harshen C, kuma tun fitowar QEMU 0.12 a ƙarshen 2009 ita ce zaɓin farko ga na'urorin x86. Kyauta ake samunta ƙarƙashin lasisin LGPL na uku, saboda haka batun farashi bai taso ba, kuma abin da ya rage a auna shi ne nagartar aikinta. Na taƙaita wannan sharhi ga abubuwa biyu da suka fi shafar mai kula da sabar da ke ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo (baƙin na'urori) da yawa, wato yadda take auna lokaci, da kuma abin da karɓar saiti daga QEMU a kowane tashi yake ci.

Ra'ayina shi ne SeaBIOS ta warware matsalar lokaci ta hanyar da ta dace, domin ta bar dogaro da awon kanta ta koma tambayar mai masaukinta, wato sabar da ke ɗauke da ita, kuma jinkirin da ake yawan ɗora wa saitinta ba daga nan yake fitowa ba. Sai dai tana da aibi guda da nake ɗauka da muhimmanci, wanda shi ne ba ta sanar da mai amfani wane agogo ta zaɓa sai ya san ƙofar da zai leƙa.

Manhajar tushe tana buƙatar ma'aunin lokaci ne domin jira. Idan ta aika wa faifai umarni, dole ta san tsawon lokacin da za ta saurara kafin ta yanke cewa faifan ba ya amsawa, haka kuma idan ta sake kunna ƙofar USB akwai milisakan ɗin da ƙa'idar USB ta wajabta a dakata kafin a yi magana da abin da ke jone. Agogon da kowace kwamfutar PC ta gada domin wannan aiki shi ne PIT, wanda ya zo da guntun Intel 8253 a cikin IBM PC na 1981, aka maye gurbinsa da 8254 daga baya. Yana bugawa sau 1,193,182 a sakan, adadin da ya samo asali daga raba mitar kiristal mai megahaz 14.31818 gida goma sha biyu, kuma an zaɓi wannan kiristal ne saboda dacewarsa da tsarin launin talabijin na Amurka. Ma'ajin ƙidayarsa bit 16 ne kacal, don haka yana cika ya koma farko kusan kowane milisakan 55. A kan kwamfutar gaske wannan agogo amintacce ne duk da tsufansa, amma a cikin kwamfutar kwaikwayo babu guntun da kansa, KVM (sashen Linux da ke gudanar da baƙin na'urori) ne ko QEMU ke kwaikwayonsa, kuma duk lokacin da baƙuwar na'ura ta karanta shi sai furosesa ta dakatar da ita, ta koma wurin mai masauki ya ba da amsa, sannan a dawo.

Agogo mafi sauƙin karantawa shi ne TSC, wanda ke cikin furosesa kanta tun zamanin Pentium, kuma a ƙarƙashin KVM baƙuwa tana karanta shi kai tsaye ba tare da an dakatar da ita ba. Matsalarsa ita ce ba ya faɗin saurinsa, sai an auna. Tsohuwar dabarar SeaBIOS, wadda har yanzu tana nan a matsayin madadi, ita ce ta ɗora ƙidaya 2,048 a layi mai lamba 2 na PIT, ta karanta TSC, ta yi ta duba ƙofa ta 0x61 (ƙofa adireshi ce da furosesa ke magana da wata na'ura ta cikinsa) har ƙidayar ta ƙare, sannan ta sake karanta TSC ta fitar da bambancin. Duka awon kusan milisakan 1.7 ne. A kan allon kwamfuta na zahiri babu mai katse furosesa a wannan ɗan taƙi, amma furosesar baƙuwa zare ce kawai, wato ƙaramin aiki guda a cikin ayyukan mai masauki, kuma Linux na iya ajiye ta a gefe ko da yaushe domin wani aikin ya samu wuri. Lamarin ya yi kama da wanda ke son sanin saurin tafiyar mutum ta hanyar ƙirga taku biyu kacal, wanda idan aka kira shi ya waiwaya a tsakani lissafinsa ya rushe.

Lissafi mai sauƙi yana nuna girman kuskuren. Idan aka ajiye zaren na milisakan ɗaya bayan ƙidayar ta ƙare amma kafin karatu na biyu, SeaBIOS za ta ɗauka furosesa ta fi ainihin saurinta da kusan kashi 58 cikin ɗari, sai kowane jira ya yi tsawo fiye da kima, wanda ɓata lokaci ne kawai. Idan kuwa aka ajiye shi na milisakan ɗayan bayan an ɗora ƙidayar amma kafin karatu na farko, abin ya fi muni, domin za ta ɗauka saurin bai kai rabin gaskiya ba, wa'adin da ta ba faifai ya ƙare da wuri, ta bayyana cewa babu abin da za a tashi daga gare shi alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Irin wannan cikas yana da wuyar bincike saboda ba ya maimaituwa, da zarar an sake kunna na'urar sai ta tashi lafiya. Wannan ya shafe mu fiye da masu cibiyoyin bayanai da wutarsu ba ta yankewa, domin a ofis ko ɗakin kwamfutocin makaranta da ke da saba guda, duk sanda aka dawo da wuta ko aka tayar da janareta, baƙin na'urori suna tashi a tare, kowace tana neman furosesa da faifai, kuma a daidai wannan cunkoso ne awon ɗan gajeren lokaci ya fi saurin kuskure.

Gyara na farko ya zo a 2012 ta hannun Gerd Hoffmann, wanda ya sa SeaBIOS ta riƙa amfani da agogon ACPI (ƙa'idar sarrafa wuta da saitin kwamfuta) da ake kira PM. Wannan agogo mitarsa a kafe take, bugu 3,579,545 a sakan, ninki uku na PIT, saboda haka babu abin da za a auna kuma cunkoson mai masauki ba ya gurɓata lissafi. A nau'o'in na'urar QEMU na yau, pc da q35, ana karanta shi ta ƙofa ta 0x608. SeaBIOS tana ɗaukar bit 24 ne daga cikinsa, wanda ke zagayowa kusan kowane sakan 4.7, sai ta riƙa tuna karatun baya domin ta gane an zagayo ta faɗaɗa ƙidayar. Ta fuskar daidaito wannan mafita ce mai kyau, kuma ita ce ta sa tashin na'urori a kan saba mai nauyi ya zama abin dogaro. Kuɗin da ake biya shi ne sauri. KVM yana iya kwaikwayon PIT a cikin kanel, wato zuciyar Linux, amma agogon PM yana hannun QEMU ne, don haka kowane karatu sai ya fita daga baƙuwa, ya ratsa kanel, ya isa QEMU, sannan ya juyo, kuma madaukin jira yana yin wannan tafiya a jere har wa'adi ya cika. Na'ura guda ba za ta ji nauyin ba, amma idan gommai suna tashi tare, furosesar mai masauki tana ƙarar da wani ɓangare na ƙarfinta wajen amsa tambayar lokaci kawai.

Gyara na biyu, wanda a ganina shi ne mafi kyawun abin da ke cikin wannan ɓangare, ya shigo a 2020. Maimakon auna TSC ko guje masa, SeaBIOS ta koma tambayar KVM saurinsa, tunda mai masauki ya riga ya sani. Hanya ta farko ita ce umarnin CPUID, wanda ake tambayar furosesa bayananta da shi, a shafi na 0x40000010, tsarin da VMware ya fara, inda ake samun mitar a kilohaz. Hanya ta biyu ita ce kvmclock, wani ɗan shafin ma'adana da KVM ke rubuta bayanan lokaci a ciki, kuma SeaBIOS tana amincewa da shi ne kawai idan an ɗaga alamar da ke nuna TSC tsayayye ne. Idan ɗaya daga cikin biyun ya samu, ta mallaki agogo mai daidaito wanda karanta shi ba ya fitar da baƙuwa waje. Idan bai samu ba sai ta koma ga PM, daga nan ga tsohon awo, daga ƙarshe ga PIT zalla. Wannan aiki ya zama dole ne musamman ga nau'in na'urar microvm da QEMU 4.2 ya kawo a ƙarshen 2019, wadda ba ta da agogon PM kuma ana iya cire mata PIT gaba ɗaya.

Akwai sharaɗin da ya kamata mai saba ya sani. QEMU ba ya buɗe shafin CPUID ɗin sai ya tabbata mitar TSC sananniya ce kuma ba ta canzawa, abin da galibi ke buƙatar a kunna alamar invtsc ko a ƙayyade mitar da hannu, kuma kunna invtsc ba tare da ƙayyade mita ba yana hana ƙaurar da na'ura zuwa wata saba tana cikin aiki. Alamar kvmclock kuma ta dogara ne ga ko mai masaukin kansa ya amince da TSC ɗinsa, wanda tsofaffin sabobi da waɗanda ke da matsalar daidaita furosesoshi ba sa yi. Ke nan na'urori biyu masu saiti iri ɗaya a kan sabobi biyu suna iya tashi da agogo daban.

Nan ne ƙorafina yake. Allon da mai amfani ke gani ba ya nuna komai game da wannan zaɓi. Sai mutum ya haɗa na'urar isa-debugcon a ƙofa ta 0x402 ya karkatar da saƙonninta zuwa fayil, sannan zai ga layin da ke cewa an ɗauki pmtimer ko an samu mitar daga kvmclock. Akwai ma ɗan shirin readserial.py a cikin kundin SeaBIOS da ke manna lokaci a kan kowane layi, kuma shi ne hanya mafi inganci ta gano inda tashi ke cin lokaci. Kayan aikin suna da kyau, amma wanda ke sarrafa na'urorinsa ta shafin Proxmox ko virt-manager ba zai ci karo da su ba sai wani ya nuna masa. Haka nan idan aka faɗa kan tsohon awo, ba a maimaita shi domin a kwatanta sakamako, kuma babu gargaɗi idan adadin da ya fito bai yi kama da gaskiya ba.

Ya kamata a bambance wannan agogon jira da agogon da ke nuna ƙarfe nawa. Da zarar Linux ta tashi, tana zaɓar kvm-clock ko tsc da kanta, kuma shirin daidaita lokaci irin su chrony ne ke daidaita ta da duniya, don haka idan agogon sabar yanar gizo yana gudu ko yana ja da baya, ba SeaBIOS za a tuhuma ba. Inda hannunta ya rage shi ne tsofaffin manhajoji irin su DOS, waɗanda ke dogara ga bugun PIT sau 18.2 a sakan da BIOS ke tarawa, bugu 1,573,040 a yini. A lokacin tashi tana karanta agogon RTC, mai riƙe da ranar wata da ƙarfe nawa, ta saita wannan ƙidaya, daga nan kuma kowane bugun da mai masauki ya kasa isarwa a kan kari yana zama giɓi, sai dai idan an umarci QEMU ya rama bugun da suka ɓace. Wannan iyaka ce ta tsarin 1981, kuma ba na ganin adalci ne a ɗora wa SeaBIOS laifinta.

Batun saiti kuma ya ta'allaƙa ne ga na'urar fw_cfg, wadda QEMU ke miƙa wa manhajar tushe bayanai ta cikinta. SeaBIOS ba ta da allon saiti irin na kwamfutocin tebur, ba ta kuma ajiye zaɓin mai amfani daga tashi zuwa tashi. Duk abin da take buƙatar sani QEMU ne ke shirya mata a matsayin ƙananan fayiloli, ita kuma ta rubuta lambar abin da take so a ƙofa ta 0x510 ta karɓi amsa a 0x511. Ta nan take samun taswirar ma'adana a etc/e820, jerin abin da za a fara gwadawa a bootorder, kuma tun QEMU 1.7 na 2013 har teburan ACPI QEMU ne ke gina su, SeaBIOS tana bin umarnin etc/table-loader ne kawai ta ajiye su a inda ya dace. Na gamsu da wannan tsari ƙwarai, domin fayil guda na manhajar tushe yana yi wa kowace irin na'ura aiki, kuma babu wani ɓoyayyen saiti da ya maƙale a cikin baƙuwa wanda zai saɓa wa abin da ke rubuce a bayanin na'urar.

A da, nauyin wannan hanya na gaske ne, saboda faɗin ƙofar amsa bayit ɗaya ne. Ga fayil mai ɗauke da lamba guda babu damuwa, amma wanda ya ba QEMU kanel da initrd (fayil ɗin da Linux ke fara aiki da shi yayin tashi) kai tsaye, fayilolin da ke iya kai megabayit gommai, sai su bi ta wannan ƙofa a hankali, kuma ko da KVM na haɗa wasu karatun wuri guda, jinkirin yana fitowa fili. Masu amfani da manhajar libguestfs, waɗanda ke tayar da ƙaramar na'ura domin kowane aiki a kan faifai, suna cikin waɗanda abin ya fi damu. QEMU 2.5 a ƙarshen 2015 ya ƙara hanyar DMA ta ƙofa ta 0x514, inda baƙuwa ke rubuta bayanin abin da take so da adireshin da za a zuba shi, QEMU ya kwafe duka a tashi ɗaya. SeaBIOS tana duba ko hanyar tana nan kuma tana ɗaukarta da kanta. Tun da ɗora kanel ma ya koma bin wannan hanya, abin da ya rage shi ne karanta jerin fayiloli sau ɗaya da ɗauko wasu ƙanana daga ciki, wanda bai kai a yi kuka da shi ba.

Wasu suna ganin zaɓen agogo a lokacin aiki ma nauyi ne, tunda kowane karatu sai an duba wace ƙofa aka ajiye kafin a san hanyar da za a bi. Wannan dubawa umarni kaɗan ce ga furosesa, kuma idan aka ajiye ta kusa da fita guda zuwa QEMU ba ta da wani tasiri. Abin da ba a so a cikin manhajar kuma ana cire shi tun wajen gini ta Kconfig, tsarin zaɓar sassan da za a haɗa, inda kashe zaɓi ke sa mai harhaɗawa ya zubar da ɓangaren baki ɗaya. Amfanin hakan ya fi yawa wajen girma, domin sashen BIOS da ke zama a ƙasan megabayit na farko ƙarami ne ƙwarai, kuma QEMU yana rarraba gini mai kilobayit 256 ga na'urorin zamani da wani na musamman ga microvm.

Idan tashi ya yi jinkiri, wurin dubawa na farko shi ne menu. Idan an kunna shi, kamar yadda Proxmox ke yi, SeaBIOS tana jiran milisakan 2,500 ko wani zai danna ESC, kuma wannan jira shi kaɗai ya ninka duk hirar fw_cfg sau da yawa. Ana rage shi da splash-time, wanda QEMU ke isarwa a fayil ɗin etc/boot-menu-wait. Na biyu shi ne ƙananan manhajojin katuna, musamman iPXE, manhajar tashi ta hanyar sadarwa, da ke zuwa da katin sadarwa, wanda ake ɗorawa a gudanar ko da ba za a tashi daga intanet ba, kuma barin zaɓin romfile na katin babu komai yana kawar da shi. Idan katin yana gaban faifai a jerin tashi, jiran amsar DHCP, wato samun adireshin sadarwa, yana ƙara nasa jinkirin. Na uku shi ne masu sarrafa USB da faifan da ba a amfani da su, kodayake SeaBIOS tana sassauta wannan ta hanyar gano na'urori da yawa a lokaci guda, wannan na jira wancan na aiki.

Wanda ke ƙirga milisakan, kamar mai tayar da na'ura domin aiki guda ta mutu, yana da qboot da Paolo Bonzini ya fitar a 2015, wadda ba ta yin komai sai ɗora Linux, kuma Firecracker na Amazon ya tsallake manhajar tushe ɗungurungum. A ɗaya ɓangaren akwai OVMF, wata manhajar tushe ta QEMU, wadda ta fi girma, ta fi jinkirin tashi, tana kuma buƙatar fayil na daban ga kowace na'ura domin ajiye saitinta, amma ita ce ke da UEFI, sabon tsarin da ya gaji BIOS, da kariyar tashi ta Secure Boot, kuma Windows 11 ba ya karɓar ƙasa da haka. SeaBIOS ba ta da waɗannan kuma ba a gina ta domin su ba, saboda haka rabonta a cikin sababbin na'urori zai ci gaba da raguwa.

Ga sabar Linux ta yau da kullum, ga tsofaffin Windows da DOS, da kuma ga wanda ke son na'urar da duk saitinta ke rubuce a wuri guda, ina ba da shawarar a bar ta a inda take. Abin da zan nemi mai saba ya yi shi ne ya tabbata ginin da ke hannunsa na 2020 ne ko bayansa, ya buɗe ƙofa ta 0x402 sau ɗaya a kan kowace saba ya ga agogon da aka zaɓa, ya rage jiran menu, sannan ya sanya tazarar wasu sakanni tsakanin baƙin na'urorin da ke tashi da kansu bayan dawowar wuta, zaɓin da Proxmox ke bayarwa a saitin jerin tashi na kowace na'ura.